Fatar Saniya Ko Saiwar Sukari

Ni Ran Guangfu, shekara talatin ina noman ganyen da muke ce wa fatar saniya saboda kaurinsa. Ban taɓa sayen irinsa ba, ajiyewa nake yi. Bana danshi ya ruɓar mini da shi a tulu, dole na shiga gari na sayo na kanti, ƙunshi goma sha biyu, na shuke gonata gaba ɗaya. Ita ke nan gare ni.

Kwana tara da shuka, ƙanin matata, Malam Mou, mai koyarwa a firamare, ya tsinci takardar irin a bakin kunya.

"Yaya, noman sukari ka koma?"

"Kai dai ka cika surutu."

"Ga shi an rubuta, Beta vulgaris. Na duba a waya. Sunan mai ƙatuwar saiwar nan ne da ake matsewa a yi sukari can arewa."

"Hoton ganye ne a jiki!"

"Shi ma ai yana da ganye. Ka zaci tsirara yake fitowa?"

Wa zai sayi saiwar sukari a kasuwarmu? Kuma kwana goma suka rage sanyi ya hana sake shuka. Ko in kifar da gonar in dasa kabeji, ko in yi kasada.

Na koma kantin, na tarar a rufe, wai mai shi ya tafi birnin Chengdu, 'yarsa ta haihu. Kullum da safe sai na tumɓuke tsiro biyar ina duba ko gindin ya fara kumbura. Ba abin da nake gani sai zare.

"Tsoho," in ji matata Sufen, "in ka ci gaba da haka, ko sukarin ma ba za mu samu ba."

A rana ta bakwai na hau babur zuwa ofishin gona. Wata malama ta duba takardar.

"Kawu, da fatar saniya da saiwar sukari, su biyun sunansu ɗaya. Ƙauyenku ba kowa sunan danginsa Ran ne ba? To haka. Kalma ta uku ce ke raba su. Ina take?"

Ta nuna kusurwa. Nan ne nake yagewa da haƙori in tofar.

"Sauran takardun fa?"

Na ce mata Sufen ta hura wuta da su tun ranar shuka.

"To sai haƙuri, Kawu. Nan da wata ɗaya zai nuna kansa."

Wata ɗaya! Na dawo, na kifar da rabin gonar, na dasa kabeji.

Da ragowar ta girma, ga kara fari mai faɗin yatsa uku, gindi siriri. Fatar saniya ce, irin wadda ban taɓa nomawa ba don kyau. Da hannuna na binne rabinta. Malam Mou kuwa ya aiko a tambaye ni ko zai samu ɗauri biyu.