Ayun da Aka Ce Mutanen Wenia Sun Cinye

Maganar ta shigo Lamaru ne a bakin wata mai sayar da gwaza: wai mutanen Wenia sun cinye Bubu. Ita dai ba ta ga an soke shi ba, ba ta ga an feɗe ba. Abin da ta gani shi ne, a wani biki can Wenia, garin maƙwabtansu, an ɗora wani nama mai kitse a kan laplap, wato gogaggiyar doyar da ake gasawa a ganye, ba na alade ba, ba na sa ba, masu rabon kuma suna ta murmushi. Kafin maganar ta kai ƙofar coci ta yi ƙiba. An san wanda ya riƙe mashi, an san wanda ya sha romo.

Bubu ayu ne, tsohon ayu mai tabo a kafaɗa, wanda ya daɗe yana kiwo a lungun tekun Lamaru har aka sa masa sunan da jikoki ke kiran kakansu da shi. In aka buga filafili a kan ruwa sai ya taso yana huci, ya goga jikinsa da kwalekwale. Saboda shi Turawa ke saukowa daga ƙaramin jirgi da jajayen hancinsu, su yi iyo kusa da shi, su kwana a bukkokin baƙi, su sayi tabarmi. Tun daminar bara ba a sake ganinsa ba, baƙi ma suka ɗauke ƙafa.

Mai buga masa filafilin shi ne Kalmelu, autan Leimara, kuma shi kaɗai ya rage mata a gari. Yayyensa biyu suna Ostareliya suna tsinkar inabi, sun zama fuskoki a cikin waya. Mai ɗibar ma'aikata ya yi wa Kalmelu magana ba sau ɗaya ba, ya kuma ce zai dawo da jirgin ruwan ƙarshen wata, in bai shiga wannan karon ba a ba wani gurbinsa. Kalmelu ya ce ba inda za shi. Dalilinsa kuwa abin da mai gari ya faɗa a zauren kava, inda maza ke taruwa suna shan jiƙon saiwar kava: tun kaka da kakanni lungun Lamaru bai taɓa zama babu ayu ba. In an kashe ɗaya, a bar ruwan ya huta, wani zai zo ya gaje shi. Don haka mai gari ya kafa ganyen namele a kan sanda a bakin ruwan, kuma kowa ya san ma'anarsa: ba shiga, ba su, ba wanka, sai ranar da aka cire. Watanni ke nan babu ƙafar da ta taɓa ruwan. Jita-jitar Wenia sai ta zo wa mutane kamar magani. In dai cinye shi aka yi, ai da sauƙi: a karɓi diyya, a jira magaji.

Leimara ta koyar a makarantar garin har gashinta ya yi fari, rabin masu yaɗa maganar ita ta koya musu riƙe alli. Ta san su, ta san yadda suke amsa tambaya da abin da na kusa da su ya raɗa musu. Ita ma tana son maganar ta zama gaskiya, fiye da kowa ma, domin muddin an yarda da ita Kalmelu yana nan yana saro mata itace, yana cin abincinta yana kushewa. Sai dai ta tsufa da wata muguwar ɗabi'a: abin da take so ya zama gaskiya shi ta fi tuhuma. Ga shi kuma ta ji 'yan samarin da suka rage suna wasa adda suna ambaton Wenia, autanta a gaba. Ta ɗaura ɗankwali wata safiya, ta ce da Kalmelu za ta Wenia ta gaida Tarilu, mijin marigayiya yayarta.

"Mama, gidan masu cin Bubu za ki?"

"In akwai saura zan taho maka da shi," in ji ta.

Ta bi sabuwar hanya, wadda ta ratsa kan tudu. Da can sai an zagaya ta gaɓa kafin a kai filin jirgi, baƙi suna ƙorafin santsi da sauro. Kalmelu ne ya tsaya kai da fata har aka kawo katafila ta yanke ƙirjin tudun, aka sare itatuwan bakin ruwa don mai kwana a bukka ya farka ya ga teku. Ranar da mota ta fara saukowa an yanka alade, Leimara ma ta yi rawa.

Ta tarar da Tarilu zaune a gindin mangwaro yana fama da igiyar kamun kifi, idonsa ɗaya ya yi fari.

"A'a, tawi! Ke suka turo yaƙin? Lamaru ta ƙare ke nan." Tawi suke kiran juna, kamar yadda dangin mata da mijinta ke yi a nan.

"Na zo karɓar ƙashin ne, tawi. Ko shi ma kun tauna? Ko da yake da wane haƙorin."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce maganar ta iso su tuni, kuma ba abin da ya ba su haushi sai yadda aka ɗauka za su kashe ayu su ɓoye. A Wenia? Ai da ƙoƙon kan yana rataye a zauren kava kamar yadda aka saba, da an yi masa waƙa, da shi Tarilu ya zo har Lamaru ya rera mata a tsakar gida. Naman biki kuwa haƙarƙarin tumaki ne daskararre da aka sayo a kanti a Vila, babban birni, kitse zalla, ango ya so ya yi burga da kuɗin inabi. Murmushin masu rabo na kunya ne.

Leimara ba ta ɗauki maganarsa haka kawai ba. Mace ba ta shiga zauren, amma bangonsa na gora ne, ta leƙa ta tsaga. Ƙoƙon kai guda ne a rataye, hayaƙi ya mai da shi baƙi, wanda ta sani tun tana amarya. Ta zagaya bayan gari inda ake zubar da ƙashi, ta tona da sanda: na alade, na kaza, da siraran haƙarƙari masu yankan inji. Ta tambayi mashin ayu. Tarilu ya nuna mata shi da haɓa. An kafa shi a lambu, doya ta naɗe shi har sama.

"Wa zai jefa shi?" ya ce. "Dubi garin nan da kyau. Ni, ko fasto?"

Ta duba. Tsofaffi, mata, yara, karnuka. Ya ba ta ɗanyar kwakwa ta sha, ya tambayi Kalmelu, ta ce yana nan. Ya ce ta riƙe shi da kyau, shi nasa na ƙarshe ya tafi da Kirsimeti.

A kan hanyar komawa ruwa ya tsuge. Ta raɓe ƙarƙashin wani dutse a ƙolin tudu, inda ake ganin lungun Lamaru gaba ɗaya. Ta sha bin hanyar nan, amma a bayan mota, kanta a ƙarƙashin tamfol. Yau tana tsaye ta ga ruwa yana zubowa ta yankakken ƙirjin tudun jawur, yana haɗuwa a kwatar gefen hanya, yana gangarawa da gudu ta inda aka sare itatuwa. Ta bi shi da ido har teku. Wani jan harshe ya miƙe daga gaɓa, yana faɗi a hankali, har ya rufe daidai wurin da Bubu ke kiwo.

Ta daɗe a nan bayan ruwan ya ɗauke. Ta yi tunanin ta koma gida ta ce Tarilu ya yi mata rantsuwa amma idonsa bai yi mata ba. Wannan kaɗai ya isa a ci gaba da jira. Jirgin ƙarshen wata zai zo ya tafi ba tare da Kalmelu ba.

Washegari da hantsi teku ta janye. Leimara ta ɗauki tsohon gilashin nutso na mijinta ta nufi bakin ruwa. Matan da ke shanyar ganyen saƙa suka bi ta da kallo. Da ta kai ga sandar namele ta tsaya, domin ita ma a nan aka haife ta, ƙafarta ta ƙi ɗaguwa da kanta. Wata ta kira ta, "Malama, kin manta ne?" Ta ce ba ta manta ba, a gaya wa mai gari ya zaɓi aladen da yake so a cikin nata, ta biya tara da shi. Ta tattare siket ta wuce.

Tun tana yarinya take tsintar kuɗin wuri a nan. Ta san yadda ciyawar ƙarƙashin ruwa ke shafar ƙauri, koriya shar, shimfiɗe har inda ƙafa ke daina taɓa ƙasa, da dogayen layukan da ayu ke bari in ya yi kiwo, kamar kunyoyin gona. Yanzu taku na farko ƙafarta ta nutse har idon sawu, na biyu har gwiwa. Ta sa gilashin ta sunkuya. Ja kawai. Ta cusa hannu cikin lakar har gwiwar hannu kafin ta taɓa wani abu, ta fizgo. Saiwoyi ne baƙaƙe, sun ruɓe, suna wari kamar ƙwai. Ta matsa gaba ta sake, ta koma hagu ta sake. Ta ce wa kanta ƙila can wajen duwatsu da saura, ta ja jiki har can, ruwa ya kai mata ƙirji. Babu ko tsinke. Ko ƙananan kifayen da ke ɓuya a ciyawa babu.

A gaɓa mutane sun taru. Ta hango mai gari da sandarsa, ta hango hannuwa suna nuna ta. Duk watannin nan suna zaune a bakin wannan ruwa suna gadinsa, suna korar yara, suna jiran magaji, ganyen da aka kafa don ruwan ya huta ya hana kowa ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Daga gaɓa kuwa, in rana ta haska, fuskar teku shuɗiya ce kamar kullum.

Teku ta fara dawowa, laka ta riƙe mata ƙafa. Sai ta ji ƙarar filafili. Kalmelu ne, ya turo kwalekwalensa ya wuce namele shi ma. Ya kamo ta ta hammata ya jawo ta ciki kamar buhun rogo, yana faɗa. Wai tsohuwa da ita, wai yanzu aladu biyu za a ci su, wai me za a ce da shi a zaure. Ta bar shi ya gama. Tana kallon bayan wuyansa, inda rana ta ƙona, irin na ubansa sak.

Bai juya kwalekwalen nan da nan ba. Sun zo daidai inda ya saba tsayawa da baƙi, hannunsa da kansa ya ɗaga filafilin ya buga ruwa, ya sake bugawa. Suka zuba wa ruwan ido. Jar laka ta taso daga ƙasa ta kewaye su.

Sai a lokacin ya ga abin da ke hannunta. Ba ta yar da saiwoyin ba. Ya kalle su, ya kalli ruwan, ya ɗaga kai ya kalli tudu, inda hanya ta tsaga shi. Ya mai da ido kanta da sauri.

"Mama, me suka ce a Wenia?"

Ta ji yadda ya yi tambayar. Ya bar mata ƙofa a buɗe, in ta ce sun yi ƙarya zai karɓa, ya ma gode.

"Sun ci shi ko?" ya sake cewa. "In sun ci shi, wani zai zo."

Leimara ta ajiye saiwoyin a kan katakon da ke tsakaninsu.

"Ba wanda ya ci shi, auta. Ciyawarsa ce ta mutu, ƙasar hanya ta binne ta. Ya rasa abinci ya tafi. Wani ma in ya zo, ba abin da zai ci."