Rediyon da Ya Ji Yatsan Inna

Abdulƙadir direba ya daɗe yana tsaki a kan rediyon tsohuwar motarsa, amma bai taɓa niyyar cire shi ba sai ranar da ya tauna kaset ɗin Malam.

Malam Jibrin mahaifinsa ne, malamin allo a Bukkuyum, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Ko hoto ɗaya bai bari ba, don bai yarda a ɗauke shi ba. Kaset guda ya rage, wanda wani ɗalibinsa ya naɗa a tsakar gida yana karatun Suratu Yusuf. Duk Juma'a Abdulƙadir kan kai mahaifiyarsa Inna Kulsum garin Anka ta gano ɗiyarta da jikoki. Gidan gaba nata ne ko fasinja nawa ke jira, kuma ita ke tura kaset ɗin da babban yatsanta tun yana can waje yana ɗaure kaya. Ba wanda ya isa ya tura mata.

To a wata Juma'a cikin daminar 2016, suna dab da shiga Anka, sai muryar Malam ta ja, ta yi kauri, ta tsaya cak. Abdulƙadir ya sauka gefen titi ya zaro kaset ɗin, zaren duk ya fito ya cukurkuɗe. Ya tsuguna da biro yana naɗewa a hankali, Inna tana tsaye a kansa. Allah ya sa zaren bai tsinke ba.

"Inna, in abin ga ya sake taune shi, mun rasa Malam ke nan," in ji shi.

Ɗan fari ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta ce, "To, Direba, sai ka san abin yi."

Abin yi yana Gummi, a shagon Labbo mai rediyo. Kowa ya san yanzu an daina mai kaset, sai mai allo irin na shafa-shafa, wanda ake sa wa memori. Labbo ya ce a waya zai iya juye muryar Malam cikin memori, a kawo masa kaset ɗin kawai. Inna ta ce a kai wa wa? Kaset ba ya zuwa ko'ina ba da ita ba. Haka ta ƙulle shi a bakin mayafi, ranar Talata suka kama hanya su biyu.

Labbo mutum ne mai son aikinsa, mai kuma son a san yana son sa. Ya gaida Inna har ƙasa, ya ba ta benci, sannan ya jera rediyo uku a kan tebur ya haɗa su da batir. Na farko ƙato, allonsa yana sheƙi, yana haɗuwa da waya ba tare da igiya ba, har kyamarar baya gare shi. Abdulƙadir ya shafa shi sau ɗaya, abu ya wuce sumul. Nan take ya hango kansa a tasha, direbobi sun kewaye motarsa. Kuɗin ya yi masa yawa, amma fa ransa ya riga ya biya. Ya fara tunanin tayoyin baya za su iya haƙuri har bayan girbi.

"Ku bari in gwada," in ji Inna. "Ai ni ka turawa."

Ta yi bisimilla ta ɗora babban yatsanta a kan allon. Shiru. Ta sake, ta goge yatsan da zane ta sake. Allo ya yi mata kunnen uwar shegu. Labbo ya taɓa, ya amsa. Abdulƙadir ya taɓa, ya amsa. Inna ta taɓa, ko gezau.

Labbo ya leƙa hannunta ya sosa ƙeya. "Inna, yatsanki ya yi kanta. Wanga sai fata mai laushi yake ji."

Gaskiya ya faɗa. Shekara arba'in da wani abu tana riƙe da taɓarya, yatsun nan sun yi tauri kamar ƙahon rago. Rediyo na biyu ma haka ya yi mata. Ta janye hannunta ta ɓoye shi cikin mayafi, Abdulƙadir ya ga kunya ta kama ta, tausayinta ya cika shi.

Saura na uku, ɗan ƙarami mai arha wanda Labbo ya ajiye can gefe. Ya ce samari ba sa son sa, don shi ba a shafa shi, sai an danna da ƙarfi. Inna ta danna shi irin yadda take tura kaset. Allon ya yi ƙit, ya buɗe.

"Yauwa," ta ce. "Wanga ya san manya."

Abdulƙadir ya yi wa ƙaton kallon ban kwana, ya ce a ɗaura ƙaramin. Tayoyi ma sun tsira.

Aikin juyewa ya ɗauki lokaci, don sai kaset ya karanta kansa tun daga farko har ƙarshe. Labbo ya toshe kunnuwansa da abin saurare yana ta latse-latse a kwamfuta, Inna kuwa idonta na kan kaset ɗin har ya dawo bakin mayafinta. Bayan la'asar suka kamo hanyar gida.

Sun bar gari, dawa kore shar hagu da dama, Inna ta yi bisimilla ta danna. Muryar Malam ta fito tas da a'uziyya, ba shuu, ba ƙara, kamar yana zaune a kujerar baya. Abdulƙadir ya ji daɗi har yana gyaɗa kai. Sai da suka yi nisa ya lura Inna ba ta bin karatun da leɓɓanta yadda ta saba. Can ta miƙa hannu ta kashe.

"Mi ya faru, Inna? Bai fita ba?"

Ta dubi rediyon. Sannan ta ce, "Ina dakana?"

Da farko bai gane ba. Sai ya tuna a farkon kaset ɗin akwai wata 'yar hayaniya kafin karatu, wadda kullum take wucewa yana can bayan mota yana fama da igiya da fasinja. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa zama ya saurare ta ba. Bai sake tambaya ba, ya juya kan mota.

Sun tarar Labbo yana shirin rufe shago. Ya ce ai gyara ya yi, ya yanke hayaniyar farko don karatu ya fita tsaf, ko kwabo bai ƙara a kan wannan ba.

"Allah shi saka da alheri," in ji Abdulƙadir. "Mayar da ita."

Labbo ya buɗe baki zai kare aikinsa, ya dubi tsohuwar tana kwance bakin mayafi, sai ya ja kujera ya zauna.

Wannan karon Abdulƙadir bai tayar da mota ba sai da ta danna. Shuu ɗin kaset ya fara zuwa. Sai ga ƙarar taɓarya cikin turmi, dum, dum, dum, da kukan akuya can nesa. Sai muryar Malam, ba irin ta karatu ba, ta cikin gida:

"Kulsum, ɗan dakata da dakan ga mana, ana ɗaukar karatu."

Wata murya ta mace mai ƙuruciya ta amsa, "To, Malam, in an jima sai ka ci karatun."

Malam ya tuntsire da dariya, irin wadda almajiransa ba su cika ji ba, har da tari. Daga nan taɓarya ta yi shiru, a'uziyya ta fara.

Abdulƙadir ya riƙe sitiyari, idanunsa suka ciko. Ya manta mahaifinsa yana dariya haka. Ashe duk Juma'ar nan abin da take riga kowa shiga mota ta ji ke nan, kunya ta hana ta faɗa wa kowa.

Suka hau titi. Malam bai kai aya ta uku ba Inna ta danna, abu ya koma farko. Dum, dum, dum. Da aka sake kaiwa ga karatu ta sake dannawa. Ba biro, ba zaren da zai tsinke, ko sau ɗari take so.

"Inna, yau ba mu jin Suratu Yusuf?" ya tambaye ta, yana share ido yana dariya.

"Karatu na nan, ba ya gudu," ta ce. Ta juyo ta dube shi sosai, abin da ba ta cika yi ba. "Kai ma haka kake yin ta, har tarin. Dubi hanyarka, Direba."

Ta sake dannawa.