Kaset na Bakwai

Na kama bakin baƙar ledar da hannu biyu. Mubarik ya ja, ni ma na ja, ta yage a ƙofar gida, ƙananan kaset-kaset suka watse a kan dakali.

"Anti Raki, shara ce fa. Council sun ce in ba su makullin flat ranar Juma'a."

Na ce masa ubansa yana asibiti da ransa, ya bari ya mutu kafin ya share shi. Na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na ciro kwamfutar daga ƙasan ledar, na hau sama da ita.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da Baba Osmanu a unguwar Levenshulme ta Manchester, shi a ƙasa, ni a sama. Mutumin Kumasi ne, gyaran lif ya yi har ya yi ritaya. A wurin aikin aka ba shi kwamfutar tun 1984, da aka daina yayinta ya riƙe abarsa. Girmanta bai wuce littafi ba. Allonta layi huɗu yake ɗauka, a gefe guda akwai ramin kaset ɗan mitsitsi, a ɗaya gefen wurin buga takarda siririya kamar ta rasit. A cikinta ya rubuta duk ɗan zangon Hausawan Ghana da aka binne a Manchester: sunansa na gaskiya, yadda Turawa suka karkata sunan a rajista, da lambar kabarinsa. Daga London ma ana zuwa a tambaye shi inda kakan wani yake kwance.

Da hannunsa ya fara rawa ya koya mini aiki da ita. Da "ka" yake kirana, irin Hausarsu. "Ka kunna, menu zai fito. Ka danna biyu. Ka rubuta WIND, kaset ya koma farko, sannan LOAD. Daga nan ka cire hannunka, ba ta son gaggawa."

Ɓarin jikinsa ya shanye a watan Maris, magana ta ɗauke. Mubarik, ɗansa tilo, ya zo daga Birmingham ya ce zai mayar da shi care home, gidan kula da tsofaffi, kusa da unguwarsu Sparkhill. Na gaya masa Baba ya kama wurin kabari a nan Manchester, a gefen matarsa Sahada, tun ranar da aka binne ta, kuma lambar tana cikin kaset. Ya ce shi bai ga takarda ba, an duba rajista ba a ga sunanta ba.

Sati uku na yi ina fama da na'urar bayan na taso daga aiki a GP, asibitin unguwa. Kaset goma sha tara ne, kowanne sai ya yi minti biyar yana ƙara kafin ya nuna komai. Na bakwai ya naɗe a ciki. Da tsinken sakace na warware shi. Ranar wata Alhamis da safe sunan ya fito a cikinsa: Sahada Osmanu, a rajista Sarah Osman. A ƙasansa layi ɗaya, da lambar kabarin gefenta, da kalma ɗaya: NAWA. Na buga shi a takarda.

Na kira Mubarik sau shida bai ɗauka ba. Ranar Lahadi na gamu da Hikma, 'yar garin su Baba, a shagon nama a Wilmslow Road. Ta yi mini gaisuwa. Baba ya rasu tun Laraba, an binne shi ranar Juma'a a Birmingham.

Ban san yadda na tuƙa mota har Birmingham ba. Na samu falon Mubarik cike da masu ta'aziyya, ban zauna ba. Na ajiye siririyar takardar a kan cinyarsa.

"Ga inda ya ce a sa shi. Kira ɗaya ya gagare ka?"

Ya karanta. Ya ce shi ne ya yi ta juya tsohon yana goge masa baki, ga yara uku, ga aikin tuƙi, kuma liman ya ce kada a jinkirta jana'iza. Na ce na ji, amma shekara arba'in mutumin nan ya yi yana hana gawar mutane ɓacewa, shi kuma an kai shi inda bai san kowa ba. Matar Mubarik ta kama hannuna, na fizge. Ko addu'ar ban tsaya ba, kuma har yau wannan yana damuna.

Bayan arba'in na ji ƙwanƙwasa da hantsi. Mubarik ne, shi kaɗai. Ya ce bai taɓa zuwa kabarin mahaifiyarsa ba tun yana ɗan shekara tara, kuma mutane sun fara kiransa suna tambayar na iyayensu. Ban ba shi ruwa ba. Na ajiye masa kwamfutar a teburin kicin, na ce ya danna biyu.

Ya rubuta LOAD da yatsa ɗaya. Kaset ya fara juyawa. Ya zauna a bakin kujera da rigar ruwansa a jiki, tana ɗiga a kan tayil.