Suwaita Mai Hannu Ɗaya

Inna, mahaifiyata, ba ta duba agogo a asibiti. Da zaren saƙa take auna lokaci.

Ranar da aka yi wa 'yata Firit tiyatar zuciya ta biyu, Inna ta saƙa suwaita guda cif kafin a buɗe ƙofar ɗakin tiyata. Awa tara! Likita ya fito a gajiye, ya ce tabon aikin farko ya sa zuciyar ta manne da ƙashin ƙirji, sai da ya yi ta ɓamɓarewa a hankali, yarinya ta zubar da jini sosai.

"Kafin in rufe, na shafa mata wani abu mai yauƙi kamar farin ƙwai," in ji shi. "Zai raba zuciya da ƙirji har wurin ya warke, sannan ya narke."

Na ce to, amma a raina na ce farin ƙwai kuma?

Bayan shekara huɗu Firit ta girma, bututun da aka sa mata a zuciya a wancan aikin ya yi kaɗan, dole a sake buɗewa. Tsoro ya kama ni, don na san ba za ta jure wata awa tara ba. Inna ta zo da ƙulli shida na jan zare, ta zauna a bencinta na da, kusa da na'urar ruwan sha.

Ta gama gaba da bayan suwaita, tana kan hannun dama, sai ga likita ya turo ƙofa. Ko awa huɗu ba a yi ba. Wa ke fitowa da wuri da labari mai daɗi?

"Maman Firit, mun gama," ya ce, yana dariya. "Ko kaɗan zuciyar ba ta manne ba. Muna buɗewa muka same ta a sake, tana ta bugawa."

Na fashe da kuka, na ƙanƙame nas ɗin da ban ma sani ba. Inna kuwa ta ɗaga suwaitar, hawaye na zubo mata.

"Haba ɗan nan, wace irin gaggawa ce wannan? Ka bar ni da riga mai hannu ɗaya!"

Ranar sallama Firit ta saka ta a haka, hannun hagu a waje. Inna ta ce ta kawo a ƙarasa. Firit ta riƙe gam.

"A'a, Kaka. Idan kika ƙarasa, da me zan nuna wa mutane ban daɗe ba?"