Tsohon Kati a Ƙarƙashin Tawul

Ni malamin makaranta ne, kuma cutar malanta ita ce tambaya. In na ga abu ban gane ba, sai ya tsaya min a rai har ya hana ni sakat. Abin da ya daɗe yana tsaya min a gidana shi ne wani shuɗin tawul.

Matata mai zanen yadi ce. Ita ke zana adon da wata masaƙa ke bugawa a jikin labule da zanin gado. Ɗakin aikinta na ƙarshen baranda, babu komai a ciki sai tebur, da kujera mai juyawa wadda hannunta ɗaya ya karye, da guntayen yadi liƙe a bango, sai kwamfutar da ta girmi 'yarmu. In aka kunna ta, kukanta kamar na keken ɗinki. Tawul ɗin kuwa kullum yana ninke a kan akwatin kwamfutar, kuma ba wanda ya isa ya goge hannu da shi.

Ƙaninta, wanda duk dangi ke kira Auta har ya yi gemu, mai gyaran kwamfuta ne. Shi ya gaya min sunan ciwon da ke damun kwamfutar.

"Katin hoto ne, Malam," in ji shi. "Wani faranti ne mai fanka a cikin akwatin, shi ke zana duk abin da kake gani a allo. Na Yaya ya tsufa tukuf. Da mutum ne, da tuni an kai shi ɗakin jikoki."

"To a sauya mana."

"Ka gaya mata. Ni bakina ya gaji."

A lokacin maganar ba ta wasa ba ce. Masaƙar ta sayo sabon injin bugu, wanda ke son zane mai girman gaske, kuma da matata ta buɗe irin wannan zanen sai kwamfutar ta sandare. Manajan ya riga ya faɗa mata ba tare da ɓoye-ɓoye ba: in ba ta iya kawo sabon girman kafin su fara bugun bana ba, za su ba wani aikin. Duk da haka, da an ambaci sabon kati sai ta ɗaure fuska ta ce, "Bari dai mu gani."

Me za a gani? Na san ba rowa ba ce, don matar da ke sayen fenti kamar za ta shafe unguwa ba za ta yi wa abin sana'arta ƙwauro ba. Na ce ko sabo ne, amma wa ke sabawa da abin da ke cinye masa aiki?

Wata rana aka tashe mu daga makaranta da wuri, na dawo gida da azahar. Na ji kukan kwamfutar ya fi na kullum, sai na leƙa. Ta warware tawul ɗin ta lulluɓe akwatin ruf, har ramukan shan iska, ta zauna da waya a hannu ta ƙura wa allo ido.

"Maman yara, zazzaɓi take yi kika rufe ta?"

"Shiga ka yi shiru," ta ce, ko waiwaye ba ta yi ba. "Tunda ka gani, ka gani."

Na tsaya a bayanta. Ɗakin ya ɗauki warin roba mai zafi. Can sai allon ya fara ɓaci. Wasu ƙananan murabba'ai kore da ja suka fito a kusurwa, suka jeru, suka karye, sannan wani layi ruwan goro ya tsaga su ya yi rassa. Ta shiga ɗauka da waya, ƙyas, ƙyas, tana cewa a hankali, "Yauwa, yauwa." Kafin allon ya yi baƙi ta fizge tawul ɗin ta kashe na'urar.

Na kalli wayar, na kalli bango. Abin da ke cikin wayar irin adon labulen falonmu ne, wanda baƙi ke tambayar inda muka saya.

"Da katin ya fara yi min haka, kuka na yi," ta ce. "Na zaci aikina ya tafi. Sai na duba da kyau, na ga abin da ban taɓa tunanin haɗawa ba. Tun daga nan, in kaina ya toshe sai in ɗumama shi. Shi ya fara, ni in ƙarasa. Duk zanen da masaƙa ta yaba min, daga nan ya samo tushe."

"Kuma sabon kati ba ya haka?"

"Sabon kati lafiyarsa ƙalau. Abin da ka sa shi kaɗai zai yi." Ta ninke tawul ɗin a cinyarta. "Malam, tsoro nake ji. Ban sani ba ko ni ce mai zanen ko shi."

Ta roƙe ni kada in gaya wa Auta, don in ya ji tana toshe wa na'ura iska da gangan, har gaban iyayensu zai kai ƙara. Na yi alkawari. Daga ranar na zama abokin kallo. Na lura katin ba ya maimaita kansa, kuma in an yi ruwa gari ya yi sanyi sai ya yi ta jan rai kafin ya nuna komai. Na tambaye ta dalilin da kore ya fi yawa, ta ce in tambayi katin.

Ana haka manajan ya sake kira, muryarsa ba daɗi. A ƙarshen makon muka tafi duba wata gwaggonta da ba ta da lafiya, muka bar wa Auta makulli don mai gyaran famfo zai zo. Da muka dawo da yamma, muka same shi zaune a ɗakin aikin, baki har kunne, ga ƙananan sukurori a jere a kan hankici.

"Yaya, tunda kin ƙi sabo, na yi miki dabara," ya ce. "Na kwance tsohon naki. Ƙurar da na fitar ta isa a yi matashi da ita. Akwai wata 'yar ƙwaya da ta saki, ita ke ɓata miki allo in ya yi zafi, na sake liƙe ta da dalma. Gudu dai ba zai ƙara ba, amma wannan ƙazantar ba za ki sake ganinta ba."

Ya kunna. Babu kukan keken ɗinki, sai wata iska mai laushi. Ni na kasa kallon fuskarta, sai na kalli hannun kujerar da ya karye.

"Sannu da aiki, Autan Mama," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Auta ya juyo gare ni. "Malam, ka ga yadda ake aiki? Ba alli da allo ba."

"Na gani," na ce. Ban taɓa jin haushin mutumin kirki kamar na ranar ba.

Yana fita ta lulluɓe akwatin. Muka jira. Na'urar ta yi zafi, ta ƙara zafi, allon na nan fes. Daga ƙarshe na'urar ta kashe kanta cikin ladabi, ko ɗigon kore ba ta nuna ba. Matata ta sake gwadawa washegari, haka dai. Ba ta yi kuka ba. Ta kira ƙaninta a waya ta ce, "Kawo sabon."

Ya zo da shi a kwali mai ƙyalli, ya ɗaura, ya yi ta yabon gudunsa. Gaskiyarsa ne, don babban zanen da ke sandarar da kwamfutar ya buɗe kafin in gyara zama. Sai dai buɗewa daban, cikawa daban. Kwana da kwanaki tana zaune gaban farin allo. In na wuce sai in ji shiru, in rasa ko in shiga ko in ƙyale ta. Abinci ma sai na ajiye mata a bakin tebur.

Ana gobe za ta kai aikin, ta kira ni bayan la'asar.

"Zo ka duba. Kuma don Allah kada ka ba ni makin tausayi irin wanda kake ba ɗalibanka."

Ganyaye ne dogaye, ruwan ƙasa da shuɗi, sun kwanta a kan juna. Zanen ya yi tsaf, ba abin kushewa, amma bai sa na riƙe numfashi ba. Na daɗe ina neman hanyar kaucewa, ban samu ba.

"Bai kai na da ba," na ce.

Nan take na fara da-na-sani. Sannan ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Na sani. Da ka ce ya kai, da na daina tambayarka har abada." Ta matso da wata kusurwa ta ƙasa ta faɗaɗa ta. A wurin wani ganye ya karkace ya bar 'yan'uwansa, bakinsa ya tsage, kuma ni sam ban lura da shi ba. "Wannan fa?"

Na sunkuya na duba sosai. "Wannan kam yana da rai. Kuskure ne?"

"A'a. Ni na ga dama."

Ta zaɓi sauran ganyayen gaba ɗaya, aikin da ta yi kwanaki a kai, ta goge su. Allon ya koma fari, sai ɗan karkataccen ganyen nan shi kaɗai a kusurwa.

"Maman yara, gobe ne fa."

"Na san gobe ne," ta ce, ta jawo kujerar kusa da tebur. "Ja min ƙofar in za ka fita."