Kujerar Bayan Kwamfuta

Shekara ashirin da uku Dakta yana koyar da ilimin ƙasar noma a jami'a, kuma da fuskokin ɗalibai yake auna karatunsa. In 'yan layin baya suka yamutsa goshi, sai ya maimaita. In suka gyaɗa kai, ya wuce. Da aka mayar da darasin intanet, fuskokin suka ɓace. Abin da ya rage masa baƙaƙen akwatuna ne a allon kwamfuta, kowanne da suna a ƙasansa, kowa ya rufe kyamara.

Sai ya koma tsayawa a tsakiyar magana. "Kuna ji na?" Shiru. "Kun gane?" Shiru. Daga nan ya sunkuya ya yi ta karanto takarda kamar ana korarsa. A mako na uku, cikin ɗalibai sittin, goma sha tara ne suka shigo.

Shugabar sashe ta kira shi a waya. "Ranka ya daɗe, kai ka koyar da ni, bakina ya yi nauyi. Amma in ba su dawo ba kafin ƙarshen wata, dole in ba wani malami darasin."

Darasin nan kuwa shi ya kafa shi, tun gashinsa na baƙi.

A makon ne yayarsa, tsohuwar tela, ta sauka a gidansa don ganin likitan ƙafa. Ranar Talata da hantsi ta turo ƙofar ɗakin karatu, riƙe da rigarsa da maɓalli ya cire.

"Auta, da wa kake faɗa kai kaɗai?"

"Aji nake, Yaya."

Ta leƙa allon. "Ajin aljanu?"

A gefen allo wani ɗalibi ya rubuto dariya. Shi ne motsin farko da ajin ya yi.

Yaya ta ja kujera bakin taga, daidai bayan kwamfutar, don nan ne haske yake. Ta zura zare. Dakta ya ci gaba da bayanin yadda ƙasar yumɓu ke riƙe ruwa. Ta saman murfin kwamfutar ya hango goshinta ya yamutse. Bai san lokacin da ya ajiye takardar ba.

"Ku ɗauki yadi biyu," in ji shi, "ɗaya saƙarsa a matse, ɗaya sako-sako. Wanne ruwa zai fi saurin ratsawa?"

Yaya ta gyaɗa kai tana cizon zare. Ya wuce.

Da aka tashi ta ce, "Ashe kana da baki. Da farko kamar mai karanta takardar magani."

Mako biyu tana zama a kujerar, Talata da Alhamis, tana ɗinke duk abin da ya yage a gidan. Ɗalibai suka kai talatin da ɗaya, sannan arba'in da huɗu. Sai likita ya sallame ta, ta ɗaure jakarta.

"Ki ƙara mako ɗaya mana, Yaya."

"Awakina fa? Kai za ka ba su dusa? Gemu ya yi furfura, har yanzu sai da mai raino!"

Ranar Litinin ya gwada ajiye madubi a kan kujerar, amma fuskar da ke ciki ta riga ta gane komai. Ya cire shi.

Ranar Talata, saura kwana uku wata ya ƙare, ya yi minti goma yana magana, sannan ya ji ya sake fara karanto takarda da gudu. Ya tsaya.

"Ni ban iya koyar da bango ba," ya ce. "Mutum ɗaya ya buɗe mini kyamara, ku riƙa karɓa-karɓa. Ba sai ya yi murmushi ba."

Can wani akwati ya yi haske: wata ɗaliba ce a lungun shago, tsakanin buhuna, goshinta a yamutse.

"Malam, ni dai tun daga maganar gishirin ƙasa na ɓace."

Dakta ya ture takardar gefe, ya koma kan gishirin ƙasa.