Lasisin Akwatin Busar da Tumatir

A jami'a Dakta ake ce mata, a gida kuwa Auta, kuma babu wanda ya kai yayanta jin daɗin kiranta da sunan gida a gaban mutane. Shi mai walda ne, shagonsa na bayan tashar mota. Ita malama ce a sashen injiniyan aikin gona, inda ta shafe shekaru tana fama da wani akwatin ƙarfe da gilashi mai busar da tumatir da barkono da zafin rana, ba tare da ƙuda ko ƙura sun taɓa su ba. Da akwatin ya kammala, ita da kanta ta kai wa Yaya zanen, ta ce ya riƙa ƙerawa yana sayar wa mata masu sana'ar kayan miya. Ya ƙera, aka yi ta saye, har ya ƙara rumfa a gefen shago.

Daga baya jami'a ta yi wa ƙirar rajistar mallaka, wani kamfani kuma ya zo neman lasisi. Lauyan jami'a, wani siririn mutum mai yawan gyara tabarau, bai ɓoye mata komai ba.

"Dakta, su kaɗai suke so su riƙa ƙerawa. In aka sa hannu, duk mai yin irinsa dole ya daina. Akwai wanda kika san yana yi?"

Maganar Yaya ta zo mata har baki. Sai ta tuna abin da kamfanin ya yi alkawari: masana'anta, da sabon ɗakin gwaji ga ɗalibanta, da kai akwatin garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Ta ce a ranta, ɗan shagon nan na bayan tasha wa zai lura da shi?

"Babu wani na a zo a gani," in ji ta, ta karɓi biro.

Aka ɗauki hotuna, shugaban jami'a ya yabe ta a taro. Yaya ya yanko hoton daga jarida ya manna a ƙofar shago, duk wanda ya zo sai ya nuna masa ƙanwarsa. Ita kuwa ta fara canza hanya in za ta koma gida, don kada ta bi ta tasha.

Ba a jima ba lauya ya kira ta ofis. Wakilan kamfani sun ga akwatunan a kasuwa, sun bi sawu har shagon.

"An ce mini ɗan'uwanki ne," ya faɗa yana kallon tebur. Da ya yi mata faɗa da ya fi mata sauƙi. Ta roƙe shi kada a aika kowa ya dakatar da Yaya, ita za ta je.

Ta tarar da Yaya durƙushe yana haɗa ƙafafun wani akwati, tartsatsi na tashi. Ya ɗage gilashin fuska ya washe baki.

"A'a, yau manya ne a gari! Auta, ashe kin san hanya? Ga kujera, amma share ta tukuna, kada rigar boko ta ɓaci."

Ba ta zauna ba. A tsaye ta faɗa masa komai, har tambayar da lauya ya yi mata da amsar da ta bayar. Wannan ce ta fi yi mata nauyi a baki, amma ta fitar da ita.

Yaya ya kashe injin. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"To, ai abinki ne," ya ce.

"Na jami'a ne, Yaya."

"Naki ne ko nasu, ba nawa ba ne dai." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Ni abin da ya ɗaure mini kai, da aka tambaye ki, me ya hana ki ce akwai wani tsoho a bayan tasha? Ko hana ni za a yi, ai da na ji daga bakinki tun da wuri."

Ta tsaya tana kallon akwatunan da ke jere a rumfa, ba a ko shafa musu fenti ba.

Ta yi zarya tsakanin ofishin lauya da na manajan kamfani har ta gaji don kanta. Manajan mutum ne mai fara'a, ya ce da tun farko ta yi magana da an keɓe shagon a cikin yarjejeniya, abu mai sauƙi. A ƙarshe suka yarda Yaya ya ƙarasa waɗanda ya fara, ya kuma riƙa gyaran waɗanda ya riga ya sayar. Sabo kam babu.

Yaya ya koma ƙera ƙofofi da tagogi. Bai daina zuwa gidanta ba, bai daina tsokanar 'ya'yanta ba, bai kuma sake ta da maganar ba.

Wata ranar Asabar tana shagon, ta kawo masa ƙarfen gadon yara da ya karye, sai ga wata dattijuwa da kwando a hannu. Ta ce maƙwabciyarta ce ta kwatanta mata wurin, tana son akwatin nan na tumatir, don na kamfani sai an je babban kanti, kuma in ya lalace ba ta san wa za ta kai wa ba.

"Ayya, Baba, na daina yi," in ji Yaya.

"Don me, ɗan nan? An ce naka yana da ƙarko."

Auta ta buɗe baki, amma Yaya ya riga ta.

"Bayana ne ya fara ciwo, Baba. Aikin akwai durƙuso."

Dattijuwar ta yi masa sannu, ta ba shi shawarar ya riƙa gasa wurin da ruwan zafi, ta ɗauki kwandonta ta tafi. Yaya ya sauke gilashin fuska, ya miƙo wa Auta bakin ƙarfen gadon.

"Riƙe mini nan da kyau. Kau da kai, kada hasken ya shiga idonki."

Ta riƙe, ta kau da kai.